Hattara da mai yawo da takardun "takaful na doki" tsakanin Daura da Katsina

Jama'a, duk mai doki a Daura, Mai'adua, Zango har cikin Katsina ya karanta wannan. Akwai wani ɗan damfara da ke bin barga-barga da jaka da takardu masu tambari, wai shi wakilin kamfanin inshora ne mai yi wa dawaki takaful, wato inshora irin ta Musulunci. Naira dubu 250 ya ci mini. Dubu 250, a wannan lokaci da harawa da dusa kaɗai ke neman gagarar mutum. Hotonsa, lambar asusun, rasit da duk saƙonnin WhatsApp suna hannuna. Lauya ne ya ce in dakata da saka suna, amma wallahi da ya ba ni dama zan zuba su nan kowa ya gani.

Kuma tun kafin masu cewa "ai kai ka yi sakaci" su fara, ku saurara tukuna. Ni ba yaro ba ne a harkar doki, a barga na tashi. Dokina, akawal ɗin nan, na marigayi Baba ne, shekararsa 19, da shi ya yi hawan Sallah da na Gani har ƙarfinsa ya ƙare, ni na gaje shi. Doki in an kula da shi yana kai 25 har 30, amma daga nan gaba kullum cikin zullumi kake. Dokin maƙwabcinmu ciwon ciki ya kashe shi a dare ɗaya, bai ma kai nawa shekaru ba. To wane ne zai ga laifina don na yi tunanin inshora? Na daɗe ina jujjuya abin, ina cewa tsohon doki ya cancanci a kashe masa wannan kuɗi ko a bar wa Allah. Ana cikin haka wannan mutum ya ɓullo.

A kasuwar Mai'adua muka fara haɗuwa, wani dillali ya haɗa mu. A'a, kafin nan ma ya riga ya shiga zauren WhatsApp na mahaya, yana turo hotunan dawakin polo wai duk su suka yi wa rajista. Daga baya ne ya zo gida. Abin da har yanzu yake hana ni barci ke nan: ya shiga barga ya yi sallama, ya shafa wuyan dokin, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya nuna mini layin nan da ke saukowa a haƙorin gefe na sama, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya kusa 20, ko?" Ban faɗa masa shekarun ba. Ban faɗa ba! Ya san doki. Ya san kanwa, ya san linzamin da ke yanka baki, har gyara wa yaron barga ɗaurin ragama ya yi.

Na tambaye shi kai tsaye, na ce tsohon doki fa? Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, mu takaful muke yi, babu riba, babu ruwanmu da shekaru. Taimakon juna ne." Ya ƙiyasta dokin miliyan 2 da rabi. Kuɗin shekara dubu 185, na likitan kamfani da zai zo duba shi dubu 40, na wata 'yar na'ura da za a dasa masa a wuya dubu 25. Ku haɗa, dubu 250. Na ɗauko waya zan tura, ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka biya yau, ranka ya daɗe, ka yi istihara, ka yi shawara da iyali." Ku gaya mini, wane ɓarawo ne ake miƙa masa kuɗi ya ce a je a yi istihara? Wannan riƙe hannun nake ta gani a idona.

Asusun da sunan mutum ne, na lura, na kuma tambaya. Ya ce na wakilin shiyya ne, shi zai tura hedikwata. Ya ba ni takarda mai lamba da hatimi. Likitan bai zo ba, wai yana Kano, wai motarsa ta lalace, wai bayan Gani. Na'urar ma shiru.

Ranar da dokin ya fara birgima yana tona ƙasa yana waiwayen cikinsa, gumi sharkaf, na kira lambar. A kashe. Na kira ta biyun, a kashe. An cire shi daga zauren, ko shi ya fita, oho. Likitan dabbobi na nan garin na kira, ya zo cikin dare ya zura masa tiyo ta hanci ya yi masa allura, alhamdulillahi ya tashi. Dubu 60 daga aljihuna, bayan waccan dubu 250.

Shi ne na nuna wa takardar. Ya karanta ya ce, "Alhaji, ko a Ingila da Amurka da inshorar doki ta zama ruwan dare, doki in ya haura 15 kamfanoni takaita abin da za su biya suke yi, wasu ma ba sa karɓar sabon rajista. Kuma sau da yawa ba a sa hannu sai likita ya duba, ciwon da yake da shi tun farko ba ya ciki." Takaful ɗin ma gaskiya ne akwai shi a ƙasar nan, amma sai da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, kuma sunayen masu lasisi suna shafinta na intanet. Mun duba, sunan da ke takardata babu shi. Adireshin ofishin da ya rubuta, wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, na je da ƙafata: shagon cajin waya ne. Yaron shagon ya ce ba ni ne na farko da ya zo da irin takardar ba.

Mafi ciwo, ni na kai shi wurin yayana. Ni na ce, "Yaya, mutumin kirki ne, ya san doki." Shi ma ya biya wa kilinsa dubu 140. Har yau bai ce mini komai ba, gara ma ya zage ni. Dillalin kuma ya rantse bai san shi ba sai a kasuwa, la'adar dubu 5 kawai ya karɓa. Za mu haɗu da shi gaban hukuma, ya je can ya rantse.

Kada ku tura kuɗin inshora asusun mutum. Ku duba sunan kamfani a NAICOM kafin ku biya ko kwabo. Wanda ya ce shekarun doki ba komai, ku kore shi. Ɗan damfarar dogo ne, wankan tarwaɗa, yana da tabo a gira, yana yawo da baƙar jaka. Duk wanda ya karɓar wa kuɗi ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina tattara rasit, tare za mu shigar da ƙara.