Soyayyar 'yan hokin ƙanƙara a Audible: murya ce ke sayar da labarin

Duk wanda ya saba sauraron littattafan soyayya na Hausa a rediyo ko a YouTube ya san mai karatu na iya raya labari, yana kuma iya kashe shi murus. Da wannan ma'aunin nake auna Audible, manhajar littattafan sauraro da Amazon ya saya a 2008. Ni tela ce, ido da hannu suna kan keke, kunne kaɗai ke da sarari. Ɓangare guda nake shiga, na soyayyar ƙwararrun 'yan wasa, kuma da Turanci ake karanta su.

Akwai na ƙwallon ƙafa, akwai na tseren mota, amma hokin ƙanƙara, wasan da ake bugawa da sanda ana sulɓi a kan ƙanƙara, shi ne ya cika wurin. Gasarsu ita ce NHL, ƙungiyoyi 32, bakwai daga ciki a Kanada, sauran a Amurka. Ban taɓa taka ƙanƙara ba, amma na gane abin da ya sa marubuta suka nace wa wasan nan. Kakar wasa tana farawa a Oktoba, ba a ɗaga kofin Stanley na zakarun gasar sai Yuni, rabin wasannin kuma a garin wasu ake yinsu. Saurayi ba ya zama gida. Ƙungiya na iya musayarsa da wani ɗan wasa a tsakiyar kaka, ya wayi gari a wani birni mai nisan dubban kilomita, sai dai in kwantiraginsa ya hana. Ga karaya, ga zubewar haƙori, ga dambe a fili wanda hukuncinsa zaman minti biyar ne a benci. Marubuciya ba ta buƙatar ƙirƙiro muguwar uwar miji, jadawalin wasa kaɗai ya isa ya raba masoya.

Inda manhajar ta burge ni shi ne karatun mutum biyu. Iri biyu ne, kuma ya kamata ki bambance su kafin ki kashe kuɗinki. A na farko, mace ta karanta babinta, namiji ya karanta nasa, kowa yana kwaikwayon muryar ɗayan. Nan ake samun matsala: ƙato mai murya kamar ganga ya matse maƙogwaro wai shi budurwa, sai dariya ta kama ki a wurin da ya kamata ki yi hawaye. A na biyu, kowa maganar jinsinsa yake yi tun daga farko har ƙarshe, su yi ta musayar zance, har faɗansu ya yi kama da na gaske. Wannan nake nema yanzu. Kowane littafi yana da ɗanɗano na 'yan mintuna kyauta, kada ki tsallake shi.

Labaran kansu fa, kusan tsari ɗaya ne. Ko 'yar koci ce da aka hana 'yan wasa kulawa, ko likitar gashin ƙashi ta ƙungiya, ko soyayyar ƙarya don rufe bakin 'yan jarida wadda ta rikiɗe ta zama gaske. Bai dame ni ba, na san inda za a ƙare tun babi na uku. Abin da ya dame ni shi ne da yawansu suna da batsa ƙarara, ba sakaye. Ki karanta sharhin masu sauraro tukuna, kuma in akwai yara a shago, abin kunne dole ne.

Idan Turancin ya yi miki sauri, ana rage gudun karatun, ni ƙasa da daidai kaɗan nake sa shi saboda lafazin Amurkawa. Ana sauke littafi a waya a saurara ba intanet, akwai kuma agogon da ke kashe shi in barci ya ɗauke ki. A tsarin biyan kuɗi na Premium Plus, mai ba da littafi ɗaya a wata, wanda kika zaɓa naki ne ko kin daina biya. Kuɗin da dala ake lissafa shi, don haka nake zaɓen mai awa goma sha, ba guntu ba.