Eriyar da muka kafa a kulob ɗinmu na jirage marasa inji

Wata uku ke nan da kafa ta, ban yi da-na-sani ba. Sanda ɗaya ce a tsaye, kusan santimita 60, da ƙafafu huɗu a ƙasa, an yanka ta daidai zangon rediyon jirage, megahaz 118 zuwa 137. A da da 'yar eriyar roba ta oba-oba muke fama, jirgi na yin nisa sai shuuu kawai. Yanzu da muka ɗaga wannan saman rufi, muryar matuƙi tangaran.

Abin da ya ba ni haushi wayar da ta zo da ita: siririyar RG58, mai cinye sigina in ta yi tsawo. Na sauya ta da RG213, wayar eriya mai kauri. Mahaɗin ma sai da na naɗe da tef, ruwan sama ya fara shiga.