Pentax K1000: Kyamarar Da Ba Ta Yi Maka Aikin Komai

Wani dattijo mai hoto a Tudun Wada ne ya sayar mini da ita bayan ya rufe shago. Da ƙyar ya sake ta. Sai da ya ɗana, ya danna, ya saurari ƙarar, sannan ya miƙo yana cewa, "Yaro, kar ka bari ƙura ta shige ta." Na ce, "In sha Allahu, Baba."

An fara ƙera K1000, kyamara mai aiki da fim, a 1976, ba a daina ba sai 1997. Ɗan ƙaramin batir ɗaya gare ta, aikinsa kawai motsa allurar da ke auna haske, ko ya mutu za ta ɗauki hoto. Saurin kiftawa, daga daƙiƙa 1 zuwa kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, kai za ka zaɓa. Buɗin gilashi, wato girman kafar da haske ke shiga, kai ne. Murza shi har fuskar mutum ta fito tas, nan ma kai ne.

Abin da ya sa masu hoto ke ƙulla zumunci da irinta ke nan, a ganina. Ranar Sallah a Murtala Square da ke Kaduna, jama'a duk fararen riguna, ga hazon hunturu ya rufe sama. Farin nan yana ruɗin ma'aunin haske, sai kyamara mai sarrafa kanta ta rage haske, shadda ta koma ruwan toka, fuskoki su dushe. Allurar K1000 ma tana ruɗuwa, ba waliyyiya ba ce. Amma ni na san abin da ke gabana, na ƙara buɗin gilashi da hannuna. Da hoton ya fito, har ɗinkin wuyan riga ana gani, kuma na san ba na'ura ce ta yanke shawarar ba. Fim ɗin hoto 36 ne kacal, dole ka tsaya ka kalli mutum kafin ka danna.

To amma kar wani ya ruɗe ka da daɗin baki. Tana da nauyi a wuya. Ma'aunin haskenta ba shi da makunni, in ka manta ba ka rufe gilashi da murfinsa ba, batir zai yi ta ci. Fim ya yi tsada, wankinsa kuma ni dai sai na aika Legas, na zauna jira. Wani wurin wanki ya taɓa dawo mini da fim duk ƙarce, ko haƙuri ba su ba ni ba.

Aikin biki kuwa, a'a. Ƙawayen amarya ba za su tsaya kana murza gilashi ba, kuma kafin a tashi kamu sun fara neman hotuna a WhatsApp. Nan kyamarar dijital nake ɗauka, ita ke kawo kuɗin cefane. In za ka sayi K1000, buɗe bayanta ka duba soson da ke tare haske, yakan narke da tsufa, sannan ka gwada kowane saurin kiftawa da kunnenka kafin ka biya.