Wasan ya yi daɗi, amma girka shi sai da haƙuri

Wani tsohon wasan yaƙi ne na kwamfuta na farkon shekarun 2000, irin wanda ake gina gari a tara dakaru, aka sake fito da shi don saukewa ta intanet. Wasan kansa ba shi da abin kushewa: har yanzu yana riƙe mutum, kuma ko ƙaramar laftof tana ɗaukarsa ba tare da ta yi zafi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen girkawa da wajen ajiye matakin da mutum ya kai.

Manhajar girkawar ta zaɓi Program Files, foldar da Windows ke girka manhajoji a ciki, da kanta. Tana dab da gamawa sai ta tsaya cak, ta ce ba ta da izinin rubuta wani fayil. Wane fayil, a wace folda, oho. Maɓalli biyu kawai ta ba ni, a sake gwadawa ko a fasa. Sai da na buɗe ta a matsayin admin, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, sannan ta wuce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Windows XP yawancin mutane da asusun admin suke aiki, don haka wasanni suka saba zuba saituna da ajiya a cikin foldar da aka girka su. Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, manhaja ba ta rubutu a Program Files sai an ɗaga mata izini, kuma hakan shi ne daidai. Yawancin wasannin yanzu a foldar Documents ko AppData suke ajiya. Masu wannan wasan ne suka sake sayar da shi ba tare da sun gyara wannan ɓangaren ba.

Abin da ya fi ci min rai daga baya ya zo. Shafin taimakonsu magani ɗaya gare shi ga kowane ciwo: a riƙa buɗe wasan a matsayin admin. Na riga na yi nisa a wasan kafin na bi shawarar, ina buɗewa na tarar da jerin ajiyata wayam. Ashe ba gogewa suka yi ba. Idan tsohuwar manhaja mai bit 32 ta nemi rubutu a Program Files ba izini, Windows kan karkatar da rubutun a asirce zuwa wata folda mai suna VirtualStore da ke cikin AppData\Local, don kada manhajar ta faɗi. Da zarar an buɗe ta da ikon admin, karkatarwar ta daina aiki, wasan ya koma duba ainihin foldarsa, inda babu komai. Ajiyata na nan ƙalau a VirtualStore, wasan ne ya daina kallon wurin. Ko layi ɗaya ba su rubuta game da wannan ba.

Ban da haka ma, shawarar ba ta kwanta min ba. Wasan da ke gudana da ikon admin yana iya taɓa kowane fayil na kwamfutar, haka duk wani ƙarin fayil na wasan da ka sauko masa da shi daga hannun wanda ba ka sani ba.

Abin da ya yi min aiki mai sauƙi ne. Na kwafe fayilolin ajiyar, na cire wasan, na buɗe sabuwar folda C:\Wasanni na girka shi a can, na mayar da ajiyar. Tun daga nan bai sake neman admin ba. Wanda ba ya son sake girkawa zai iya shiga Properties na foldar wasan, sashen Security, ya ba asusunsa izinin Modify, amma a kan wannan foldar kaɗai, kada ya buɗe faifan gaba ɗaya.

Zan ce a saye shi, musamman wanda ya buga shi da can. Sai dai idan manhajar girkawar ta tambayi inda za ta ajiye shi, kada a amince da zaɓinta.