Ƙunshin robobin gyaran sandar giya da na gwada a motata BMW Z3

Motar da nake magana a kanta BMW Z3 ce ƙirar 1998, mai injin silinda shida da giyar hannu biyar, irin ƙananan motocin nan masu kujera biyu waɗanda kamfanin ya ƙera a masana'antarsa ta Spartanburg da ke jihar South Carolina ta Amurka tsakanin 1995 da 2002. Ta zo hannuna a matsayin 'yar Kwatano, kuma tun ranar da na fara tuƙa ta a cikin garin Bauchi na lura cewa sandar giyarta tana da wasa. Da farko abin bai dame ni ba, amma a hankali wasan ya ƙaru har ya kai ko mota tana cikin giya ta uku ina iya kaɗa sandar hagu da dama kimanin faɗin yatsu uku, kamar muciya a cikin tukunyar da babu tuwo. Ranar da na nemi giya ta biyu a shataletalen Wunti na faɗa ta huɗu, mota ta shiga shessheƙa ga masu Keke Napep suna ta danna mini hon, a ranar na yanke shawarar neman magani. Ba na ɗora wa kowa laifin wannan lalacewa, domin roba da ta haura shekara ashirin tana shan zafin inji da ƙurar hunturu ta gama biyan bashinta.

Kafin a fahimci amfanin abin da na saya, sai an san cewa a wannan mota sandar giya ba ta shiga cikin giyabos kai tsaye. Akwai wani dogon hannu na alminiyom da ke kwance a ƙarƙashin bodi, gabansa yana maƙale a saman giyabos, bayansa kuma yana cikin wata roba da ke jikin motar. A tsakiyar sandar giya akwai ƙwallo wanda yake zaune cikin wani kofin roba mai tauri a jikin wannan hannu, shi ne yake ba sandar damar juyawa. Daga ƙasan sandar kuma wani siririn ƙarfe ya miƙe gaba ya haɗe da wata mahaɗa da ke bakin shaf ɗin giyabos. Kowace gaɓa a wannan layi tana da roba ko washa, kuma idan kowacce ta ci kaɗan, kafin motsin ya iso hannun direba ya taru ya zama babban wasa.

Ƙunshin da na yi oda ta intanet ba na kamfanin motar ba ne, na wani mai ƙera kayan maye gurbi ne, kuma kuɗinsa har da na aikowa bai kai farashin sabuwar taya ɗaya ba. Ya iso cikin ƙaramar leda wadda za ta shiga aljihun riga. A ciki na sami kofin da ƙwallon sanda ke zama, da robar bayan hannun alminiyom, da robobin gaba iri biyu, zagayayya da mai siffar ƙwai, da washoshin roba rawaya guda huɗu, da kilif-kilif na ƙarfe, da sabon fin mai maƙali, da kuma sabuwar mahaɗa mai soso a cikinta. Aikin kayan yana da tsafta, ban ga tsaga ko ragowar narkakkiyar roba a gefensu ba, kuma da na gwada kofin a kan ƙwallon ya zauna daram ba tare da matsewa ba. Abin da babu shi ne takardar bayani, ko da zane guda. Mai sayarwa ya rubuta a tallarsa cewa aikin awa ɗaya ne, kuma ina ganin ko dai yana da na'urar ɗaga mota a ɗakin kwanansa, ko kuma bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin wannan mota ba. Ni da ƙanena mun fara bayan sallar asuba ranar Asabar a harabar gidanmu da ke Fadaman Mada, ba mu sauke motar daga kan ƙarafan tokare ba sai da aka kira la'asar.

Aikin cikin mota shi ne mai sauƙi. Kan sandar giya ba a warware shi kamar noti, fizgo shi ake yi sama da ƙarfi, kuma ya kamata mutum ya kawar da fuskarsa, domin idan ya saki yana zuwa ne da gudu. Daga nan sai a cire rigar fata da soson da ke ƙarƙashinta da babbar robar da ke hana ƙura da zafi shigowa. Kofin kuma murɗa shi ake yi da bakin sukudireba biyu har haƙoransa su saki.

Wahalar tana ƙasa. Mun ɗaga motar da jak, muka tokare ta da ƙarafa huɗu masu ƙafa, saboda ban yarda in sa ƙirjina a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba, kuma ba na ba kowa shawarar jera bulo a madadinsu. Motar gajera ce ƙwarai, ramin da farfela ke bi, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, kuma matsattse ne, ga salansa da farantin kare zafi sun tare hanya. Sai da muka sauke su, sannan muka tallafi giyabos da jak, muka kwance ƙarfen da ke riƙe da bayansa, muka sassauto shi ƙasa kaɗan don hannu ya sami wurin shiga. Duk da haka fin ɗin da ke riƙe gaban hannun alminiyom ba a ganinsa da ido, lalube ake yi. Yana da wani maƙali da ya kama jikin giyabos, wanda sai an ɗaga shi sama da dogon sukudireba kafin a zare fin ɗin ta gefe, kuma a kan wannan ɗan ƙarfe kaɗai na ɓata fiye da awa guda, ƙura da busasshen girisi suna zubo mini a ido. Ƙanena da ke riƙe da tocila ya gaji har ya ce, "Yaya, don Allah mu mayar da komai mu kai ta gareji ranar Litinin." Ban amsa masa ba, domin a daidai lokacin na ji maƙalin ya yi ƙas ya ɗaga. A nan ne na yaba wa wanda ya haɗa ƙunshin, saboda ya sa sabon fin a ciki, tsohon kuwa ya lanƙwashe wajen cirewa har ba zai sake moruwa ba.

Da kayan suka fito fili muka shimfiɗa su a kan buhu, sai dalilin wasan ya bayyana. Robar gaba ta bushe ta tsattsage, ina matsa ta da yatsa tana marmashewa kamar ƙanzo. Daga cikin washoshi huɗu biyu kawai muka samu, su ma sun sirance kamar takarda, sauran sun daɗe da faɗuwa a wani titi. Soson da ke cikin tsohuwar mahaɗa kuwa ya jiƙe da man giya ya zama baƙin dagwalo, kuma wannan ne ya nuna mini babban giɓin ƙunshin. Man yana fitowa ne daga ƙaramin sil, wato zoben robar tare mai, da ke zagaye da shaf ɗin giyabos, kuma muddin ba a canza shi ba, sabon soson ma haka zai jiƙe ya lalace. Sil ɗin abu ne mai arha wanda bai fi girman tsabar kuɗi ba, amma ba a sa shi a ledar ba, alhali duk wanda ya kai hannunsa wurin ya riga ya yi aikin da ake buƙata don isa gare shi. Dole ƙanena ya hau babur da tsohon a aljihu ya zagaya shagunan 'yan sifiya, sai a shago na uku ya sami mai awo ɗaya. Wanda zai sayi wannan ƙunshi ya yi odar sil ɗin tare da shi tun farko.

Rashin takardar bayani ya sake cin mu wajen mayarwa. Robobin gaba iri biyu ne saboda motocin wannan zamani ba duka suke amfani da siffa ɗaya ba, kuma wannan mun warware shi ta hanyar gwada su da tsohuwar. Amma siririn ƙarfen nan yana da ɗan lanƙwasa wanda ke kauce wa farfela, ita ma sandar giyar tana da nata karkatar, ni kuma ban ɗauki hoton yadda suke ba kafin in kwance. Na mayar da sandar a juye, muka haɗa komai, na shiga mota na tarar ta karkace ta inda bai kamata ba, sai da muka sake cire kilif muka juya ta. Zane ɗaya a bayan leda da ya hana wannan. Na shafa ɗan girisi a ƙwallon da bakunan ƙarfen kafin in rufe, duk da cewa shi ma ba a sa shi a ƙunshin ba.

Sakamakon dai ya biya wahalar. Washegari na ɗauki hanyar Jos har na wuce Nabordo, inda ake samun hawa da gangara da ke sa mutum ya riƙa sauya giya, kuma sandar da na sani tana yawo ta koma tana shiga kowace giya da ɗan sauti mai tsafta. Wasan da ya kai yatsu uku ya ragu zuwa abin da bai kai rabin yatsa ba. Daga ta biyu zuwa ta uku, wadda a da sai na yi lalube, yanzu tura hannu kawai nake yi ta sami hanyarta, ribas ma ba ya buƙatar kokawa. Na lura cewa sabbin robobin sun fi na asali ɗan tauri, saboda haka idan inji yana aiki mota tana tsaye ana jin ƙaramar karkarwa a tafin hannu. Ni ba ta dame ni ba, amma mai son shiru sosai zai lura da ita.

Akwai abu ɗaya da ƙunshin bai gyara ba, kuma ba zan riƙe shi da laifi a kai ba, sai dai tallar ba ta ambace shi ba. Da safe idan gari ya yi sanyi, sandar ba ta komawa tsakiya tsakanin giya ta uku da ta huɗu idan an sa ta a firi, takan jingina ta ɓangaren ta biyar har sai mota ta ɗumama. Na yi zaton na yi kuskure wajen haɗawa, sai na nuna wa wani dattijon bakanike maƙwabcinmu wanda ya daɗe yana gyaran motocin Jamus. Ya kaɗa sandar sau biyu ya ce, "Alhaji, aikinka ya yi, wannan ciwon a cikin giyabos yake." Gaskiya ya faɗa, domin sananniyar matsala ce a giyabos ɗin da kamfanin ZF ya ƙera wa waɗannan motoci idan sun tsufa: akwai wasu ƙananan fin masu sifirin da ke mayar da sandar tsakiya, kuma idan mazauninsu ya ci sai su riƙa maƙalewa. Ba a isa gare su sai an sauke giyabos gaba ɗaya, wanda ba aikin harabar gida ba ne ga mai jak ɗaya da ƙane ɗaya.

A ganina ƙunshin ya cancanci kuɗinsa ga mai irin wannan mota wanda matsalarsa wasan sanda ne, yana da ƙarafan tokare, kuma zai iya ba aikin yini guda. Wanda giyarsa ke ƙara wajen shiga ko take fita da kanta a kan hanya kada ya sa rai da waɗannan robobi, domin nasa ciwon yana wajen kuloci ko cikin giyabos. Na riga na yi magana da dattijon cewa idan lokacin canza kuloci ya yi, tunda dole a sauke giyabos, za a canza waɗancan fin ɗin a rana ɗaya, kuma tsofaffin robobin suna nan a cikin gwangwanin madara a but, saboda wani abokina mai irin motar a Gombe ya ce in ajiye masa ya gani kafin ya yi oda.