Kafin ka sayi hoton Seydou Keïta, juya bayansa ka duba

Fuska ɗaya ce daga fim ɗin kyamara ɗaya, amma wani wankin kuɗin shayi ne, wani kuma kuɗin mota. Abin da ake saya a hoto baƙi da fari shi ne wanda ya wanke shi da lokacin da aka wanke.

Ni dai zaɓina wankin ɗakin duhu a kan takarda mai sinadarin azurfa, wanda aka yi mai hoton yana raye, ya gani da idonsa ya sa hannu. Baƙin irin wannan takarda yana da zurfi. Ka dubi matan Bamako da Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, ya ɗauka tun daga 1948, atamfa mai zane a gaban labule mai zane, ga rediyo ko babur a gefe: a wankin azurfa kowane zare yana fitowa daban, ƙyallin goshi bai cinye fatar ba. Haka hotunan kitso na J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya, waɗanda ya fara a 1968. Su kam kitson ne hoton, in baƙin ya dunƙule an yi asara.

Ƙananan na asali, masu santimita 13 da 18 da Keïta ya miƙa wa masu su hannu da hannu, sun fi tarihi, sai dai samunsu wuya. Wankin magada bayan rasuwa, hatimi ne kawai babu sa hannu, ban cika so ba. Na injin feshin tawada kuwa fosta ce, a saye ta a kuɗin fosta.

Ko zaɓin nawa bai tsira daga gardama ba. A 1991 an baje hotunan Keïta a New York ba tare da sunansa ba, sai daga baya André Magnin, wani Bafaranshe masanin fasahar Afirka, ya bi sawu har Bamako. Aka shiga wanke su manya-manya, wasu sun haura mita, don bangon Turai. Masu suka na cewa an mayar da hoton tunawa na iyali kayan kasuwa, su kuma mutanen da ke ciki ba a tambaye su ba. Bayan rasuwar Keïta a 2001 rikici kan fina-finan kyamararsa da sahihancin wasu wankin ya kai har kotu.

Ni ma an taɓa yi mini. Wani dillali a intanet ya turo mini “gangariya” na Malick Sidibé, shi ma mai hoto ɗan Mali, cikin firam mai kyau, an liƙe bayansa ruf. Da na ɓalle, na ɗora gilashin ƙara girma, sai ga ɗige-ɗigen tawada reras, har sa hannun ma injin ne ya buga shi. Tun daga ranar ba na sayen hoto a cikin firam. A ciro shi, in ga bayansa, in ga ranar ɗauka da ranar wanki daban-daban, in ji hannun da ya bi kafin ya iso. Dillalin da ya ce takardar shaida “tana hanya”, rabu da shi. Kada tsufan takarda ya ruɗe ka, ana rina ta da ruwan shayi. Manya ma sun sha: an sayar da hotunan Lewis Hine, mai hoto ɗan Amurka, a matsayin na zamaninsa, bincike ya nuna takardar an yi ta ne bayan mutuwarsa a 1940.

Sidibé ya karɓi lambar yabo ta Zakin Zinare a baje kolin fasaha na Venice a 2007, ya rasu a 2016. Duk wankin da kwanan watansa ya wuce 2016 kuma aka ce da hannunsa ya sa, mayar wa mai shi kayansa.