Aikin sa-kai a gandun daji na jiha a Kalifoniya: hukumar gandu ko ƙungiyar masoya gandu?

Malam, ka ce ka koma zama a jihar Kalifoniya ta Amurka, kana aiki daga Litinin zuwa Juma'a, kuma kana son ka ba da wani abu daga lokacinka ga gandun daji na jiha da kake kai iyalinka shan iska. Tambayarka ita ce: ka yi rajista kai tsaye da hukumar gandun a matsayin mai aikin sa-kai, ko ka shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan masu kiran kansu masoya gandu? Ga 'yan'uwa da ke karantawa daga gida, sa-kai a nan ba shi da alaƙa da 'yan sa-kai masu bindigar toka. Ana nufin aikin da mutum yake yi don ganin dama ba tare da albashi ba, kusan irin aikin gayya.

Hanyoyin biyu suna haɗuwa a gandu ɗaya, har ma mutum ɗaya kan bi duka biyun, amma sun bambanta a kan wanda yake ba ka umarni da kuma abin da ake nema a wurinka. Hukumar gandun daji ta jihar tana kula da wurare kimanin 280, daga dazuzzuka zuwa gaɓar teku da wuraren tarihi, kuma wanda ya yi rajista da ita yana ƙarƙashin ma'aikacin gwamnati ne. Shi zai rubuta masa ranar zuwa, ya nuna masa aikin da zai yi, ya kuma gaya masa abin da ba hurumin sa ba ne. Ƙarfin jiki da lokaci ake bukata a nan: gyaran hanyoyin ƙafa bayan ruwan sama ya zaizaye su, tumɓuke baƙin tsirrai da suke danne na asalin wurin, tsayuwa a ɗakin karɓar baƙi, da yi wa ɗalibai jagora.

Misalin da ya fi nuna nauyin wannan aiki shi ne gandun Año Nuevo da ke gaɓar teku a kudancin San Francisco. Kowace shekara, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Maris, wasu manyan dabbobin teku masu dogon hanci irin na giwa suna fitowa kan yashi su haihu, su kuma yi barbara, kuma babban namiji a cikinsu yakan kai tan 2. A wannan lokaci ba a barin baƙo ya shiga wurin shi kaɗai, sai a cikin ayari tare da ɗan jagora, kuma 'yan jagoran nan masu aikin sa-kai ne da aka horar da su kafin a ba su jama'a. Wanda ya karɓi wannan aiki ya karɓi amanar rayukan mutane da kwanciyar hankalin dabbobi a lokaci guda, don haka ba ya fashin zuwa saboda gari ya yi sanyi. Akwai kuma masu masaukin baƙi a sansanonin kwana, waɗanda suke ajiye motarsu mai ɗaki a cikin gandu na tsawon watanni suna kula da masu kwana, amma wannan ya fi dacewa da wanda ya yi ritaya, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Ƙungiyar masoya gandu ba reshen gwamnati ba ce. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, tana da shugabanninta da asusunta, kuma abin da take tarawa shi ne kuɗi da murya. Tana sayar da littattafai da taswira a shagon gandu, tana neman gudummawa, tana biyan kuɗin motar da za ta kawo 'yan makaranta, tana kuma kai kuka majalisar dokoki idan an taɓa kasafin kuɗi. Mai iya lissafi, ko rubuta takardar neman tallafi, ko shawo kan attajiri, a nan ne amfaninsa ya fi yawa, ko da bai taɓa riƙe shebur ba.

Tarihin gandayen jihar ma daga irin wannan ƙungiya ya faro. A shekarar 1900 wani mai ɗaukar hoto, Andrew P. Hill, da abokansa suka kafa ƙungiyar Sempervirens domin hana masu sare itace ƙarasa dogayen jajayen itatuwan da ke tsaunukan Santa Cruz, waɗanda wasunsu sun haura shekara 1,000. Matsin lambarsu ne ya sa jihar ta sayi filin da ya zama gandun Big Basin a 1902, wanda shi ne mafi daɗewa a cikin gandayenta. Babu yawan sharar hanya da zai iya haifar da wannan sakamako, domin aikin na siyasa ne da kuɗi.

Haka aka sake gani a 2011, lokacin da gwamnatin jihar ta rage kasafin gandaye da dala miliyan 22 ta kuma fitar da sunayen wurare 70 da za ta rufe. A shekarar majalisa ta yi dokar da ta ba ƙungiyoyi marasa neman riba damar gudanar da gandu bisa yarjejeniya da hukuma. Masoya gandun China Camp da ke gundumar Marin suka karɓi tafiyar da shi a 2012, magoya bayan gandun Henry W. Coe kuma, wanda ya fi kowane gandun jiha girma a arewacin Kalifoniya, suka tara kuɗi domin kada a garƙame ƙofarsa. Sai ga shi a watan Yuli na 2012 an gano cewa hukumar tana da kimanin dala miliyan 54 a asusunta da ba ta bayyana ba, shugabarta Ruth Coleman ta ajiye aiki, majalisa kuma ta dakatar da rufe gandaye na shekara 2. Mutanen da suka yi ta yawon neman taro da sisi sun ji haushi ƙwarai, kuma suna da gaskiya.

A nan ne nake ganin raunin hanyar ƙungiya. Idan jama'a suka nuna cewa za su iya ɗaukar nauyin gandu da aljihunsu, gwamnati takan sami uzurin janye hannunta, alhali dukiyar ta kowa ce kuma da haraji ya kamata a riƙe ta. Sannan ƙarfin ƙungiya yana bin arzikin unguwar da take ciki: gandun da ke maƙwabtaka da masu hali yana samun masoya masu kauri, wanda yake can cikin karkara kuwa sai dai haƙuri. Hanyar hukuma ita ma tana da nata ciwon. Akwai cike takardu, wasu ayyukan sai an ɗauki zanen yatsa an binciki tarihin mutum, kuma ko ka ga gyaran da ya kamata a yi ba za ka taɓa shi ba sai ma'aikaci ya amince.

Gobarar da tsawa ta haddasa a watan Agusta na 2020 ta nuna yadda hanyoyin biyu suke jingina da juna. Wutar ta bi ta kan kashi 97 cikin 100 na Big Basin, ta cinye tsohon ofishin gandun da gadoji da sansanonin kwana, ko da yake akasarin manyan itatuwan sun tsira suka sake tofo. Ƙungiyoyi suka tara kuɗin farfaɗowa, ma'aikata da masu aikin hannu suka shiga share hanyoyi, har aka sake buɗe wani ɓangare na gandun a watan Yuli na 2022.

Shawarata gare ka, Malam, tunda Asabar da Lahadi kawai kake da su kuma kai baƙo ne a wurin, ka fara da hukuma, ka zaɓi aikin rana guda irin na gyaran hanya ko tumɓuke tsirrai, wanda ba ya ɗaure ka da dogon horo. Bayan 'yan watanni za ka san ma'aikatan da sunayensu, ka san gadar da ta ruɓe da wurin da ruwa ke kwanciya, kuma idan ka zauna a taron ƙungiya daga baya maganarka za ta yi nauyi fiye da ta wanda ya san gandun a takarda kawai. Kuɗin zama mamba na ƙungiyar kuwa kana iya biya tun yanzu, domin ba ya cin lokacinka. Kafin ka biya, ka nemi ganin rahoton kuɗinta na shekara, ka duba nawa ne yake komawa cikin gandun, nawa kuma yake tafiya a albashi da hidimar ofis.